Shafin da Aka Naɗe wa Mai Bene

Ranar da aka yi taron iyayen yara a makarantar su autana, na ci farar rigata, wadda ba na sakawa sai in na ƙudurta yin magana. Da safe na zare ta daga naɗin mai guga, na duba gabanta kawai, tunda gaban nake nuna wa duniya. Na je na kame a layin farko. Da aka zo kan batun ƙofar banɗakin yara da ta ɓalle, na miƙe na gyara murya, na ɗauko tarihin ƙofofi tun daga tushe. Ban yi nisa ba na ji ana ƙus-ƙus a bayana, sai dariya ƙasa-ƙasa. Na ɗauka barkwancina ne ya fara ratsa jama'a, na ƙara wuta. Can wata mata ta zaro madubi daga jakarta, ta kara a gadon bayana, ta karanta da ƙarfi, a tsanake, kamar mai koya wa yara: "Likitoci sun gano yawan surutu na tsufar da masu saurare."

Tawadar jarida ce ta kwanta a rigar, a juye, baƙa wuluk, daga wannan kafaɗa zuwa waccan. Shugaban makaranta ya ce, cikin ladabi, tunda likitoci sun yi magana, a wuce batu na gaba.

Daga nan ban zame ko'ina ba sai shagon Edita.

Edita bai taɓa taka ƙofar gidan jarida ba. Mai guga ne. Shagonsa ɗaki ne guda a ƙasan wani bene, da tebur shimfiɗe da tsohon bargo wanda dutsen guga ya yi wa tambari ko'ina, da benci na masu zaman jira da masu zaman banza, da gorar ruwa mai hujajjen murfi don yayyafi. Dutsen gugarsa biyu ne. Na lantarki yana kiransa Alƙawari, don ba a gina rana a kansa. Na gawayi kuwa Dattijo, mai nauyi, mai jinkirin ɗaukar zafi, amma in ya ɗauka sai an gama aiki. Sauran filin ɗakin duk tsofaffin jaridu ne, ɗauri-ɗauri, har suna neman taɓa rufi.

Yana saurayi ya so zama mai karanta labarai a rediyo, kuma muryar akwai ta. An ce har gwaji aka yi masa, ya karanta tsaf, sai dai aka yi masa bayani cewa aikin karantawa ce kawai, ba a ƙara "ƙarya ne" a ƙarshen kowane labari. Daga nan ya faɗa ɗakin wanki na wani otal, inda ya koyi fitar da karin wando mai iya yanka yatsa. Can ma bai daɗe ba. Wani babban baƙo da ya yi jawabi a talabijin ya aiko da wandonsa, Edita ya kai masa da kansa, ya kuma ba shi shawara cewa wandon da jawabin duk suna buƙatar a rage musu tsawo. Washegari ya wayi gari da ƙwarewa, babu aiki. A lokacin ne ya kama wannan shago, tun mai ginin yana da baƙin gashi, tun ginin ma bai zama bene ba. Daga baya mai shi ya ɗora wani hawa a sama, ya tare da iyalinsa, unguwa ta raɗa masa Mai Bene.

Tun ranar farko Edita ya ƙi leda. Ya ce leda tana riƙe danshi, ta sa riga warin rijiya, takarda kuwa tana numfashi. Sai ya ƙulla da wani mai sayar da tsofaffin jaridu a kilo. Kuma da yake shi ba ya iya ganin rubutu ya ƙyale, duk shafin da zai naɗe riga sai ya karanta shi tukuna. Haka ya zama mutumin da ya fi kowa sanin labarin duniya a titinmu, sai dai labarin nasa na bara ne.

Wannan bai taɓa damunsa ba, alfahari ma yake yi. Idan wani ya faɗo shago da waya a hannu yana haki, wai an ji abin da ya faru yanzun nan, Edita ko ɗaga kai ba ya yi.

"Kawo shi baɗi," yake cewa. "Labarin waya ɗanye ne. Kuna ci da zafinsa, shi ya sa kullum cikinku ke murɗawa."

In mutum ya matsa, sai ya jingine Dattijo, ya shiga cikin ɗaurin nan ya laluba, ya zaro jaridar bara ko ta bara waccan mai ɗauke da labarin sak, hoton mai magana kawai ya canza, wani lokacin ma hular ce kawai.

Ra'ayi kuwa, sai dai ka gaji ka tashi. Da ya karanta cewa an kafa kwamiti don gano abin da ya hana kwamitin farko zama, ya ce kwamiti da sitati aikinsu ɗaya, ba sa fitar da datti, sandarar da shi suke yi. Akwai wani titi da ya ce an yanke masa ƙyallen buɗewa har almakashi ya fi motoci sanin hanyar. Masana da suka ce ƙwai na kisa, shekara ta zagayo suka ce magani ne, ya ce ƙwan bai canza ba, kazar ma ba wanda ya nemi jin ta bakinta. Ya tara hotunan manyan mutane suna dashen itace shekara bayan shekara, ya nuna mana cewa rami ɗaya ne, ga dutsen nan a gefensa a kowane hoto.

"Ramin nan ya ga manya fiye da ni da ku," in ji shi. "Itace ne kawai bai taɓa gani ya kwana ba."

Shugabannin ƙasashen da bai san inda suke a taswira ba, Edita na gyara musu mulki tsakanin hannun riga da kwala. Yana korar ministoci yana yayyafa ruwa. Ya taɓa sasanta yaƙi guda kafin gawayi ya ruru.

Amma abin da ya ba shi suna shi ne zaɓen shafi. A hankali mutane suka lura cewa takardar da aka naɗe maka kaya ba haka kawai ta zo ba. Telan da ke riƙe ɗinkin mutane ya samu labarin gadar da aka ce za a gama tun bara. Wani sabon ango ya buɗe nasa ya tarar da jadawalin farashin kayan abinci. Wani dattijo mai rina gashi ya samu "An shafa wa tsohon gini fenti saboda zuwan baƙi." In ka dawo da ƙorafi, Edita zai dube ka da idon marar laifi.

"Takarda ce ta zo hannu."

Ba wanda ya taɓa yarda. Mutane suka koma ba sa kai kayansu gida a naɗe, sai su laɓe a kwanar titi su leƙa su ga me aka ce da su. Da wani direba ya samu shafi kan motoci marasa birki, bai yi sati ba motarsa ta sumbaci kwata, sai magana ta canza salo, aka ce takardar Edita ba ta faɗuwa ƙasa banza. Shi ya musanta. Ya ce ba duba yake yi ba, duniya ce ba ta da sabon labari, tsohon take maimaitawa. Wannan ya ƙara tsorata mutane.

Mutum ɗaya ne a titin bai taɓa samun shafi mai haƙori ba: Mai Bene. Shi kullum hasashen yanayi ne, gobe za a yi rana, jibi ma haka. In an rasa, sakamakon ƙwallo.

Dalilin yana bayan teburin guga. Tun da aka ɗora hawan sama, bangon baya ya fitar da wata tsaga siririya kamar gashi. Edita ya rataya kalanda a kai. Tsagar ta leƙo ta ƙasan kalandar, ya ƙara wata. Ta leƙo ta sama, ya ƙara wata. Shago ya koma kamar ofishin masu lissafin kwanaki, kowace shekara da tata, har baƙi na yaba masa son tarihi. A bayan bangon akwai rumfar wani mai faci. Da tsagar ta yi faɗi, su biyun suka mai da ita taga: Edita ya ɗaga kalanda ya miƙa garwashi a cokali, mai faci ya miƙo aron filaya. Da rana iska mai daɗi na shigowa ta nan.

Edita ya san abin da tsagar ke nufi, don ya karanta ƙarshen irinta ba sau ɗaya ba. Amma ya kuma san Mai Bene mutum ne da in ka ce masa fentinsa ya koɗe zai tambaye ka ko ka samu wani wurin ne. Shagon nan kuwa shi ne komai. A nan ya ciyar da yara har suka kawo ƙarfi, a nan masu kawo kaya suka san shi, kuma duk titin babu wani ɗaki da zai ɗauki tebur da benci da tarin jaridun nan. Mutumin da ke korar ministoci kafin azahar, in ya ji takun Mai Bene a matakala sai ya miƙe tsaye, yana "ranka ya daɗe" tun bai ga fuska ba.

Matarsa, wadda shi da mu duka muke kira Maman Yara, ba mai yawan magana ba ce. Ta yi shekaru tana kawo masa abincin rana, tana zama a ƙarshen benci har ya gama, tana kallon kalandun nan.

"Baban yara, ka yi wa mutumin nan magana."

"Ina nazarin lokacin da ya dace."

"Jiya na ji ka ba shugaban wata ƙasa kwana uku ya sauka."

"Shi ai ba a ƙarƙashinsa nake guga ba."

Sai zazzaɓi ya kwantar da shi, irin mai sa mutum ya ga rufin ɗaki na yawo. Ya bar kayan mutane a goge, wasu a rataye suna shan iska, ba a naɗe ba. Maman Yara ta ce ya kwanta, naɗi dai ba gini ba ne. Ya ba ta mabuɗi yana rawar sanyi, yana jaddada mata cewa ta ɗauki takarda daga sama kawai, kada ta karanta. Ta ce to.

Ranar da na isa da tambarina a baya ita ce ranar da ya dawo aiki, ya rame, idanu sun faɗa. Na tarar ba ni kaɗai ba ne. Mai kantin magani na tsaye da shafi kan masu sayar da ƙwayoyin da suka tsufa. Wani malamin makaranta na riƙe da "Ɗalibai sun manta kamannin malaminsu." Mai gyaran waya na maƙwabta yana karkaɗa nasa, wai an kama mai gyara da ke cire sabo ya sa tsoho. Kowa na magana lokaci ɗaya. Edita ya karɓi rigata ya juya ta, ya shinshina, ya rufe ido.

"Da danshi aka naɗe ta," ya ce a hankali. Tawadar ba ta dame shi ba, aikin ne ya ba shi kunya.

"To maganar da ke jiki fa?" na ce.

"Wannan kam, Rediyo, ka kai ƙara wajen likitoci." Rediyo shi ne sunan da suka raɗa mini, wai don ba na rufe baki.

Ana cikin haka aka ji takun nan a matakala. Edita ya miƙe, duk da dama a tsaye yake. Mai Bene ya shigo da takarda a dunƙule a hannu, ya warware ta a kan bargo, ya danne da tafinsa. Hoton tarin ƙasa ne da rodi a lanƙwashe, a sama an rubuta: "Bene ya rufta bayan mai shi ya yi biris da tsagar bango."

"Mene ne wannan?"

"Ranka ya daɗe, takarda ce ta zo..."

"Kar ka kawo mini wannan! Ni za ka yi wa baki? A gidana?"

Ashe ba shi ya kwance naɗin ba, matarsa Hajiya ce. Ta karanta, ta tuna da direba da kwata, ta tuna ƙofar ɗakinta da ta daina rufuwa daidai tun bara, ta haɗa kayanta da na jikokinta ta koma gidan ƙanwarta. Kwana da kwanaki Mai Bene na dafa wa kansa ruwan zafi, yana neman safarsa.

"Na ji an ce matarka ce ta zauna a shago," in ji shi. "To gobe da safe zan kawo Hajiya nan. A gabanta, a gaban waɗannan 'yan zaman bencin, za ka ce kuskure ne, mace ce ta ɗebo takarda ba ta san me ke ciki ba. In ba haka ba, ƙarshen wata ka kwashe tarkacenka. Akwai mai son wurin, zai sayar da katifa. Katifa ba ta da ra'ayi."

Edita ya koma gida da wuri, abin da bai saba ba. A hanya har ya ji sauƙi-sauƙi, don abin da aka nema a bakinsa ai gaskiya ce. Ba shi ya naɗe ba. Jimla ɗaya, shago ya tsira. Ya tarar da Maman Yara a tsakar gida tana tsince shinkafa a faranti, ya zauna kusa da ita, ya kwashe komai ya faɗa mata cikin lallami, har da cewa shi bai ga laifinta ba, kowa na kuskure.

"Wane kuskure?" ta ce, ba ta ɗago ba.

"Na takardar mana. Kin ɗauka daga sama, kamar yadda na ce."

"Na mai magani sai da na sauke ɗauri huɗu kafin na samu. Na Rediyo ma na sha wuya, don akwai guda biyu da suka dace da shi, na rasa wanda zan bari."



"Na Mai Bene kuwa ban nema ba," ta ci gaba. "A ƙarƙashin teburinka na gani, cikin kwalin sitati. Cike yake da benaye da suka faɗi, an jera su, an ninke gefensu da kyau. Wa ya tara?"

Shi ya tara. Shekara da shekaru, duk sanda ya ci karo da irin shafin nan sai ya ware shi, yana cewa ranar da ya shirya zai naɗe wa Mai Bene. Ranar ba ta zo ba, kwalin ya cika.

"Na sama kawai na ɗauka," in ji ta, "kamar yadda ka ce."

"Maman Yara, za su kore ni."

"Na sani. Ka je ka ce kuskurena ne, ba zan ƙaryata ka a gaban mutane ba. Ni dai gara in riƙa kai maka abinci gindin bishiya da in kai wa masu tono ka daga ƙarƙashin gini." Ta watsa wa kaji tsakuwar da ta tsince. "Kuma riga ɗaya ce kawai na naɗe da danshi. Da gangan."

Da safe benci ya cika tun kafin gawayi ya kama, har da waɗanda ba su taɓa kawo ko hankici ba. Maman Yara ta zo ta zauna a ƙarshenta na kullum, duk da ba lokacin abinci ba ne. Mai Bene ya shigo da Hajiya a bayansa, tana riƙe da jakarta a ƙirji, tana satar kallon rufi, ƙafa ɗaya a waje.

"To, faɗa mata."

Edita ya goge hannunsa a gefen wando. Ya dubi teburin, ya dubi Dattijo, ya dubi jaridun da ba su da inda za su. Ya gyara muryar nan da gidan rediyo ya yi asara.

"Hajiya, an yi kuskure."

Mai Bene ya gyaɗa kai, ya juya yana kallon matarsa.

"Kuskuren shi ne, an ninke hannun rigar ta baya, ni ta gaba nake ninkewa. Sannan an bar gefen takardar a buɗe." Ya juya wajen Mai Bene. "Amma shafin, ranka ya daɗe, nawa ne. Ni na ajiye shi. Jinkirin aikawa kawai na yi, aka taya ni."

Kafin kowa ya ce uffan ya juya ya fara sauke kalandu. Ya cire ta bana, ya cire ta bara, ya yi ta cirewa yana komawa baya, har aka zo kan wata mai hoton jaririn da yanzu ya isa aure. Tsagar ta fito tsirara, daga kusa da ƙasa har rufi, a karkace kamar walƙiya, hasken waje na shigowa ta cikinta. Hajiya ta yi salati, ta mayar da ɗaya ƙafar waje ita ma.

"Wannan?" in ji Mai Bene, muryarsa ta ɗan sirance. "Wannan ai fenti ne ya dare. Filasta ce kawai. Ku duba, ko yatsa ba ya..."

Ya tura yatsa, yatsa ya shige. Ya tura hannu don ya nuna inda ta tsaya, hannu ya wuce har agogo. Sai muka ga fuskarsa ta canza. Daga can bayan bango wani ya kama hannun ya girgiza da kyau, murya ta ratso:

"Edita, ka warke ke nan! Sannu da jiki. Kai, har ka yi ƙiba a hannu. Miƙo mini garwashi."

Ban taɓa jin benci ya yi dariya irin ta ranar ba, har mai kantin magani ya manta da nasa ƙorafin. Mai Bene ya zaro hannunsa baƙi ƙirin da man taya, ya tsaya yana kallonsa kamar na aro. Hajiya ba ta yi dariya ba. Daga bakin ƙofa ta ce ba za ta sake hawa matakalar nan ba sai ta ga magini da idonta, kuma ba ƙanin abokinsa mai gyaran murhu ba, magini na gaske.

"Shi kuma wannan," Mai Bene ya nuna Edita da baƙin hannun, "ƙarshen wata..."

"Ƙarshen wata me?" in ji Hajiya. "Ka kore shi ka kawo mai katifa, ya jingina katifu a bangon, mu ji labari a jaridar baɗi? Yana nan. In ya tashi, ni ma ina gidan ƙanwata." Ta juya wajen Maman Yara. "Ke kuma, sannu. Ki riƙa zama a shagon nan."

Aikin ya ɗauki lokaci. Aka tokare rufi da ƙarafa, aka fasa bangon aka zuba ginshiƙi. Magini ya faɗi abin da ya gani a ciki, Hajiya ta sa ya maimaita a gaban mijinta. Edita ya fitar da teburinsa ƙarƙashin rumfa, ya yi guga a bakin titi, jaridunsa lulluɓe da tamfol. Bai yi murna a fili ba. Da aka gama ya koma ciki, sai ya fara ƙorafin zafi, wai an toshe masa iska, wai ka ga illar gyara ke nan, shi ya sa hukumomi masu hankali ba sa yi. Mai faci ya yi fushi na sati guda, don yanzu sai ya zagayo ta titi kafin ya samu wuta.

Mai Bene bai daina kawo kaya ba, ya ma ƙara da labule da zannuwan gado, manya-manya masu karya ƙugu, wanda muke zargin ramuwa ce. Sai dai yanzu da ledarsa yake zuwa, ya tsaya a kai har a saka. Maman Yara kuwa takan karɓi naɗi in aiki ya yi yawa, shi ya sa mai karɓar kaya ke fara tambaya cikin raɗa, "Wa ya naɗe yau?" In aka ce ita ce, wasu sai sun shiga ɗaki sun rufe ƙofa suke buɗewa. Kwalin sitati yana nan ƙarƙashin tebur, babu kowa a ciki. Edita ya ce yana nazarin wanda zai fara tara wa.

Rigata ba ta fita ba. An wanke, an jiƙa, an shanya, har yau in rana ta haska ana ganin "masu saurare" a kafaɗar hagu. Rannan na je karɓar wasu kayan, na ce masa na yanke shawara zan rubuta labarinsa kaf a kai jarida, duniya ta san shi, kuma ba zan rage komai ba.

Bai ɗago daga kwalar da yake bi ba.

"Rubuta, Rediyo. Ka yi shi da tsawo yadda ka saba. Baɗi zai iso nan a kilo, dama na rasa abin da zai naɗe zanen gado."